Canjin Shugaba A Tsakiyar Aiki: Darasi Daga Filin Ƙwallo A Ostireliya

A wannan mako za mu kai ku wata ƙasa mai nisa, wato Ostireliya, domin mu duba labarin wata ƙungiyar wasa wadda ta canja mai horar da 'yan wasanta ana tsakiyar kakar wasa, sa'an nan al'amuranta suka gyaru. Mun san waɗansu za su ce, me ya haɗa shafin ikilisiya da labarin ƙwallo? To, ku yi haƙuri ku bi mu. Matsalar da ta sami wannan ƙungiya ita ce mukan gani a majalisar dattawa da zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa: aiki ya tsaya, zukata sun yi sanyi, kowa yana cewa a canja shugaba. Shin canjin shugaba kaɗai yana warkar da ciwo?

Irin Wasan Da Muke Magana A Kai

Da farko ya kamata mu bayyana cewa wannan wasa ya bambanta da ƙwallon ƙafa da muka saba gani. Mutanen Ostireliya suna da nasu irin, wanda aka rubuta dokokinsa a birnin Melbon a shekarar 1859. Filin wasan da ƙwallon duka siffar ƙwai ne da su. Kowane ɓangare yana sa mutum 18 a fili. Ana buga ƙwallo da ƙafa, ana kuma naushinsa da hannu zuwa ga abokin wasa, amma an hana jefawa. A kowane ƙarshen fili akwai turaku huɗu. Idan aka buga ƙwallo da ƙafa ya bi tsakanin dogayen turaku biyu na tsakiya, an sami maki 6. Idan ya bi ta gefe, maki 1 ne kawai. Wanda ya cafe ƙwallo a sama bayan an bugo shi daga nisan mita 15 ko fiye, za a ba shi dama ya buga ba tare da an taɓa shi ba. Ana raba wasan kashi huɗu. Babbar gasar ƙasar ita ake kira AFL tun daga 1990.

Ƙungiyar Da Ta Sha Wuya

Ƙungiyar da muke magana a kai ita ce Sydney Swans, masu jar riga da fari. Asalinta a Melbon take, ana kiranta South Melbourne, ta kuwa ci kofin gasar a 1909 da 1918 da 1933. Daga nan kofi ya yi mata nisa. A 1982 rashin kuɗi ya sa ta ƙaura zuwa birnin Sidni, inda yawancin mutane suka fi son wani wasa dabam. A 1992 da 1993 da 1994 ita ce ta ƙarshe a gasar, har akwai lokacin da aka cinye ta sau 26 a jere.

A 1996 aka ba Rodney Eade aikin horar da 'yan wasan. Mutum ne gwani, wanda ya ci kofi sau huɗu sa'ad da yake wasa a ƙungiyar Hawthorn. A shekararsa ta fari ya kai Swans wasan ƙarshe na neman kofi, ko da yake North Melbourne ta yi nasara a kansu. An san shi da dabara, an kuma san shi da zafin rai da faɗa wa 'yan wasa. Shekaru suna tafiya, muryarsa ta daina shiga kunnuwansu kamar dā. A kakar wasa ta 2002, bayan wasanni 12, Swans ta ci 3 kawai, ta yi kunnen doki sau 1, aka cinye ta sau 8. Bayan da Geelong ta cinye su da ƙyar, Eade ya ajiye aiki.

Mai Riƙon Ƙwarya

Shugabannin ƙungiyar suka ɗauki ɗaya daga cikin mataimakansa, Paul Roos, suka ba shi riƙon ƙwarya har ƙarshen shekara. Roos tsohon ɗan wasa ne wanda ya buga wasanni 356, yawanci a ƙungiyar Fitzroy, sauran a Swans, ya kuma daina wasa a ƙarshen 1998. Bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba. Jaridu suka yi ta ba da labari cewa shugabanni sun riga sun sa ido a kan Terry Wallace, wanda yake horar da Western Bulldogs, domin ya karɓi aikin a shekara mai zuwa. Wato Roos mai ɗumama kujera ne kawai.

Amma abin mamaki ya faru. Da 'yan wasan nan da aka ce sun gaza, Roos ya ci wasanni 6 cikin 10 da suka rage. Swans ta gama a matsayi na 11 cikin ƙungiyoyi 16. Matsayin bai kai a yi biki ba, amma kowa ya ga yadda wasansu ya canja. Magoya baya suka fara ɗaga alluna a filin wasa suna neman a zaɓi Roos. Bayan wasan ƙarshe na shekarar, wanda suka ci Richmond, 'yan wasan suka kewaye shi a tsakiyar fili a gaban dubban jama'a, domin shugabanni su ga inda zuciyarsu take. Ba a daɗe ba aka tabbatar masa da aikin.

Abin Da Ya Yi Dabam

Mutanen ba su canja ba, filin bai canja ba. To, mene ne ya canja?

Na fari, sa'ad da Roos ya daina wasa a 1998, ya zauna ya rubuta jerin abubuwan da yake so da waɗanda ba ya so daga wurin masu horarwa, tun ciwon bai bar jikinsa ba. Ya yi haka ne domin in wata rana ya zama shugaba, kada ya manta da yadda na ƙasa yake ji. Cikin abin da ya rubuta akwai cewa ɗan wasa ba da gangan yake yin kuskure ba, kuma bai kamata shugaba ya zazzaga wa mutane faɗa nan take bayan an cinye su ba, sa'ad da ran kowa yake ɓace. Da ya hau kujera, sai ya riƙa komawa ga wannan takarda. 'Yan wasan da dā suke wasa cikin tsoron kada a fitar da su saboda kuskure ɗaya suka sami sakewa.

Na biyu, ya duba baiwar kowane mutum ya sa shi inda ya dace. Adam Goodes, saurayi daga cikin 'yan asalin ƙasar, yana cikin waɗanda wasansu ya yi sanyi a farkon 2002. Roos ya ba shi aiki a tsakiyar fili, ya sakar masa mara. A 2003 Goodes yana cikin mutum uku da suka raba lambar Brownlow, wadda ake ba gwanin gwanaye na shekara, ya kuma sake cinta shi kaɗai a 2006.

Na uku, wanda muke gani ya fi duka, Roos ya raba nauyin shugabanci. Da taimakon wani mai koyar da shugabanci, Ray McLean, 'yan wasan da kansu suka zauna suka tsara irin halin da suke so a san su da shi. Suka zaɓi rukunin shugabanni daga cikinsu, Stuart Maxfield ya zama kyaftin a 2003. Suka farfaɗo da tsohon laƙabin ƙungiyar na zamanin South Melbourne, wato Bloods, mai ma'anar jini saboda jan da ke rigarsu, domin su tuna da tushensu. Suka amince su riƙa faɗa wa juna gaskiya fuska da fuska, babba da yaro, a bar gulma a bayan ido. Wanda ya karya doka, abokan wasansa ne za su fara tuhumarsa.

Girbin Haƙuri

A 2003 masana da yawa sun zaci Swans za ta koma ƙasa, gama tsofaffin gwanayenta kamar Paul Kelly da Tony Lockett sun yi ritaya. Sai ga ta ta gama ta huɗu, saura wasa ɗaya ta kai ga na ƙarshe kafin Brisbane Lions ta fitar da ita. A farkon 2005 shugaban hukumar gasar, Andrew Demetriou, ya kushe salon wasansu a fili, ya ce ba shi da kyan gani, ba kuwa zai kai su ga nasara ba. Ba su canja hanya ba. A wasannin fitar da gwani, Geelong ta kusa korarsu, sai Nick Davis ya ci ƙwallo huɗu a kashin ƙarshe, na huɗun saura daƙiƙoƙi a tashi, suka tsira da maki 3.

Ranar 24 ga Satumba, 2005, a gaban mutane fiye da 90,000 a Melbon, Swans ta cinye West Coast Eagles da maki 58 da 54. Ana dab da tashi, abokan hamayya suka bugo ƙwallo kusa da turakun Swans, sai mai tsaron baya Leo Barry ya yi tsalle cikin cincirindon mutane ya cafe shi. Haka jiran shekara 72 ya ƙare. A 2006 ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, West Coast ta rama da maki 1 tak.

Ba Kowane Canji Ne Yake Ɗorewa Ba

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya canja shugaba zai ci kofi. A 2019 ƙungiyoyi uku suka bi wannan hanya. Carlton ta sallami Brendon Bolton bayan ta ci wasa 1 cikin 11, David Teague ya riƙe ya ci 6 cikin 11, aka tabbatar da shi, amma a ƙarshen 2021 aka sallame shi. Rhyce Shaw ya karɓi North Melbourne daga Brad Scott, ya fara da kyau, ya bar aikin a ƙarshen 2020. Brett Ratten ya gaji Alan Richardson a St Kilda, shi ma aka sallame shi a 2022.

Dalili a fili yake. Yawanci akan canja shugaba ne sa'ad da abu ya kai maƙura wajen lalacewa, daga nan kuwa ko ba a yi kome ba sai a ɗan sami sauƙi. Har ila yau akwai ɗokin sabon shugaba: kowa yana ƙoƙari ya nuna kansa, wanda aka ajiye a gefe ya sami sabuwar dama. Wannan ɗoki na 'yan makonni ne. Idan ya wuce, tsohon hali yana nan yana jira. Abin da ya bambanta Swans shi ne ta yi amfani da lokacin ɗokin ta gyara halinta.

Mu kuma lura cewa Eade ba ragon shugaba ba ne. Daga baya ya karɓi Western Bulldogs, ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe shekara uku a jere, daga 2008 zuwa 2010. Lokacinsa ne ya cika a Sidni, kuma a kan harsashin da ya kafa aka yi gini.

Abin Da Za Mu Ɗauka

'Yan'uwa, ikilisiya ba kulob ba ce, ladan da muke nema kuwa ya fi kofi. Duk da haka manzo Bulus da kansa ya yi misali da masu tsere a cikin 1 Korantiyawa sura 9, saboda haka ba laifi mu koyi wani abu daga filin wasa.

Ga shugabanni: mu tuna da yadda muke ji sa'ad da muke ƙasa. A cikin 1 Sarakuna sura 12, jama'a sun roƙi Rehobowam ya sauƙaƙa musu nauyin da mahaifinsa ya ɗora musu, dattawa suka ba shi shawara ya yi musu taushi, ya ƙi, mulkin ya rabu biyu. A cikin Fitowa sura 18 kuwa, Musa ya ji shawarar surukinsa Yetro ya raba aikin shari'a ga amintattun mutane, shi da jama'a duka suka huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga jama'a: sa'ad da aka kawo sabon fasto, majami'a takan cika, baiko yakan ƙaru, mawaƙa sukan zo koyon waƙa a kan lokaci. Bayan wata shida fa? Idan gulma da ƙyashi da ɓangaranci suna nan, za mu gaji da shi kamar yadda muka gaji da na dā, mu sake rubuta wa hedkwata takardar ƙara. Kafin mu nemi a ɗauke makiyayi, bari mu zauna mu tambayi kanmu wane irin hali muke so a san mu da shi, mu kuma koyi yi wa ɗan'uwa magana tsakaninmu da shi, kamar yadda Ubangiji ya koyar a Matiyu sura 18. Kada kuma mu zagi wanda ya tafi. Wani ne yakan shuka, wani ya yi ban ruwa.

Abu na ƙarshe shi ne shirya magaji. A 2009 Roos ya sanar zai sauka a ƙarshen 2010, aka kuma bayyana mataimakinsa John Longmire a matsayin wanda zai gaje shi. Ba rikici, ba tsegumi. Longmire ya ci kofi a 2012, ya riƙe ƙungiyar har ƙarshen 2024. Musa ma ya ɗora wa Joshuwa hannu a gaban dukan jama'a tun yana da rai. Dattawanmu da shugabannin zumunta, wa kuke koya wa aikin yau?

Ubangiji ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya ba mu zuciyar gyara. Amin.