Jirin da Ke Biyo Bayan Mura: Gargaɗi ga Mutanen Karmo

Da zarar hunturu ya kama, mura kan zagaye gidajen Karmo, kuma akwai ciwon da ke laɓe a bayanta. Mutum ya warware, bayan 'yan kwanaki ya farka da asuba sai ya ga ɗaki na juyawa da shi. Ya dafa bango, amai ya taso, idanunsa na fizga gefe ɗaya. Wani ma kunnensa kan toshe, yana jin ƙara a ciki. Sai a ce taifot ne, ko kuma iska.

Sau da yawa ƙwayar bairas ce ta haddasa kumburi can cikin kunne, inda jijiyar da ke tsayar da mutum daidai take. Jirin kan tsananta kwanakin farko, sannan ya riƙa sauka cikin makonni. Ana warkewa. Abin da ke tayar min da hankali shi ne abin da muke yi a tsakani.

Ɗan acaba ya ji dama-dama, ya ɗauki fasinja zuwa Life Camp, ya waiwaya a mahaɗa, titi ya juye masa. Birkila ya hau bene a Idu don kada kuɗin yini ya wuce shi. Don Allah ku dakata sai ƙafa ta tsaya.

Kada a tsiyaya mai ko ruwan ganye a kunne. Ba ya kaiwa inda ciwon yake. Kada a nemi allura a kemis. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairas, allurar gentamicin kuwa ita kanta tana iya lalata cikin kunne har abada.

Idan ji ya ɗauke farat ɗaya, a ga likitan kunne a ranar, domin maganin ya fi aiki a makonni 2 na farko. Idan da zazzaɓi mai nacewa, a tuna da Lassa, wadda ke kurmantar da wasu da suka tsira. In kuwa baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya mutu ko ana ganin abu biyu-biyu, musamman ga dattijo mai hawan jini ko ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki ake tsoro. A nemi mota nan take zuwa Babban Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, kuma wani ne zai tuƙa, ba mara lafiyar ba.