Wasan ɓoyon akwati: yana kawo ciniki, yana kuma iya rufe kanti

A birnin Siyatil na ƙasar Amurka, unguwar Fremont, akwai wata babbar gada mai suna Aurora wadda motoci ke bi dare da rana. A ƙarƙashinta an gina mutum-mutumin wani dodo da siminti a shekarar 1990. Tsayinsa ya fi mita 5, yana da ido ɗaya, ya kuma danne motar Volkswagen ta gaske da hannunsa na hagu. Kafin a gina shi, wurin ya zama juji da maɓoyar masu sayar da ƙwaya. Yau baƙi ne ke tururuwa suna ɗaukar hoto.

To amma ba duka ne hoto ke kai su ba. Za ka ga wani riƙe da salula, ya ba dodon baya, yana leƙe-leƙe a gefen hanya kamar wanda ya yar da kuɗi. Wannan wasa yake yi, wanda Turawa ke kira "jiyokashin". Kamfanin da ke kula da wasan a wannan unguwa yake da ofishinsa, kuma an ɓoye akwatuna a cikinta, har da kusa da dodon.

Yaya wasan yake? Mutum zai sami ƙaramin akwati na roba, ya sa ɗan littafi da ƴan tarkace marasa tsada, ya ɓoye shi. Sai ya sanar da lambobin wurin a intanet. Masu nema su bi lambobin da na'urar GPS ta salularsu. Wanda ya gano sai ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da akwatin inda ya tarar da shi. In ya ɗauki wani abu, to ya ajiye wani a madadinsa. Ba a cin ko dala. Doka ta hana binne akwatin, ta hana sa abinci ko makami, ta kuma ce a nemi izinin mai wuri.

Wasan ya samo asali ne a watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin GPS ga farar hula. A da na'urar kan yi kuskuren kusan mita 100, sai ya ragu ƙwarai. Ranar 3 ga watan, wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a jihar Oregon don ya gwada. Yanzu akwatunan sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? Ruwansa shi ne ƙafa. Masu ɓoyo sun fi son wuraren da ke da abin kallo, kamar mutum-mutumi ko zanen bango. Mai nema kuwa dole ya sauka daga mota, ya taka, ya daɗe a wurin. Wanda ya daɗe zai ji ƙishirwa, zai ji yunwa, mai kanti da mai abinci na kusa su samu.

Sai dai ba nan gizo ke saƙa ba. A watan Yuli na 2011, a garin Wetherby na Ingila, wata mai aiki a gidan shayi ta ga wani mutum ya cusa akwati ƙarƙashin tukunyar furanni a tsakiyar gari, ya yi gaba. Ta kira ƴan sanda. Aka rufe titi, aka fitar da mutane daga kantuna, sojojin kwance bom suka zo suka tarwatsa akwatin. Ashe na wasa ne. Kusan awa 3 ba saye ba sayarwa, kuma cinikin da ya wuce ba ya dawowa.

Shin matar ta yi laifi? Ko kaɗan. Laifin na wanda ya ɓoye abu a bakin kantunan mutane ne bai gaya musu ba. Da ya yi sallama ya bayyana, da su ne za su zame masa masu gadi.

Saboda haka ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu zama bakin titi tun safe har dare, ku ne idon unguwa. Wanda ya nemi ajiye wani abu kusa da rumfarku, ya buɗe ku gani, shugaban kasuwa ma ya sani. Ƙunshin da ba ku san mai shi ba kuwa, kada ku taɓa, kada ku bar yara su taɓa. Ku ja da baya, ku sanar da hukuma. Rigakafi ya fi magani.