Mai Hoton Ƙauran Namoda da Kasuwar Hotuna ta Duniya

Bankin da zai tallata sabon asusu, da jaridar da za ta yi rahoton farashin gero, da ƙungiyar da ke haɗa littafin koyar da sana'a, kowannensu sai ya nemi hoto. Ba kowa ke da halin tura mai hoto ba, shi ya sa ake shiga rumbunan hotuna na intanet, a biya kuɗi a sauke wanda ya dace. An kafa Getty Images a 1995, iStockphoto ya biyo baya daga Kanada a 2000, sai a 2003 wani Ba'amurke, Jon Oringer, ya buɗe Shutterstock da hotuna kusan 30,000 da ya ɗauka da kansa. Hoto ɗaya ana iya sayar da izinin amfani da shi ga mutane barkatai, kuma yana nan a hannun mai shi.

Hotunan harkar kasuwanci suna cikin waɗanda ake yawan nema a can. Sai dai wanda ya nemi hoton ɗan kasuwa zai fi cin karo da mutum sanye da kwat a ofis mai bangon gilashi. In kuwa sunan Zamfara ya rubuta, abin da zai fi gani sojoji ne da 'yan gudun hijira da masu haƙar zinare. Alhali ciniki ne ya raya wannan yanki. Tun 1929 da layin dogo ya iso ta Funtuwa da Gusau, Ƙauran Namoda ce tashar ƙarshe, nan aka riƙa lodin gyaɗa da auduga. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis sananniya ce wajen hatsi da dabbobi, Zurmi kuma ga ta a bakin iyakar Katsina da Nijar. Mai awo, tela, dillalin shanu, mai POS, matar da ke karɓar odar man gyaɗa ta WhatsApp, duk 'yan kasuwa ne, kuma ba wanda zai ɗauke su da kyau kamar ɗan gari.

To amma ɗan garin sai ya sauke wasu ɗabi'u tukuna. Mai hotonmu ya taso kan fasfo da biki: filasha a saman kyamara, a haska mutum ido da ido, goshi ya ɗauki ƙyalli, inuwa ta manne a bango. Masu tantancewa a rumbunan nan sukan mayar da irin wannan. Abin lura shi ne, laushin haske yana bin girman inda ya fito da kusancinsa ga fuska. Ƙaramar fitila daga nesa inuwarta kaifi gare ta. In aka sa hasken ya ratsa farar lema, ko aka shimfiɗa farin yadi a gabansa aka matso da shi, sai inuwar ta narke. A ajiye wannan babbar fitilar a gefe, tsakanin gaba da kafaɗa, ta ɗan ɗara ido tsawo, a ɗaya gefen kuma a riƙe farin kwali ya mayar da haske kan kuncin da ya yi duhu. Fitila ɗaya da kwali ɗaya sun isa fara aiki.

Akwai lissafi guda da ya kamata mai sutudiyo ya haddace: in aka ninka nisan fitila sau 2, hasken da ke isa ga mutum yakan koma kashi 1 cikin 4. Da wannan ake duhunta bango ko a haskaka shi ba tare da an sake fenti ba. Janye mutum daga bango, matso masa da fitila, bangon zai lafa da kansa.

Babbar jarabawa a wajenmu ita ce baƙar fata cikin farar shadda. Kyamara in aka bar ta ta auna da kanta, farin rigar yakan ruɗe ta ta rage haske, fuska ta nutse. In aka ƙara don fuska, aikin wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat. Matsalar ba ta yau ba ce. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto katin daidaita launi mai ɗauke da hoton Baturiya, aka daɗe ana auna kowace fata da tata. Maganin a sutudiyo shi ne a auna hasken a kan fuska, a tare wani sashensa da baƙin kwali kada ya sauka gaba ɗaya a ƙirji, sannan a sa ƙaramar fitila ta baya ta zana gefen hula da kafaɗa. Baƙar fata da ɗaukar ƙyalli take nuna siffarta, don haka ba a son a kashe ƙyallin duka. A faɗaɗa shi ya yi laushi.

Wani zai ce ina wutar? Gaskiya ne, amma fitilun LED masu caji da ƙaramar sola sun rage wannan uzuri. A dai kiyaye haɗa launin haske biyu: na rana wajen kelbin 5,500 yake, na kwan fitila mai ja-ja bai fi 3,000 ba, in suka haɗu rabin fuska zai yi shuɗi rabi ya yi ruwan goro. Ko ba fitila ma, Seydou Keïta da ya buɗe sutudiyo a Bamako a 1948 da hasken rana ya yi yawancin aikinsa, a tsakar gida, da zane mai ado a bayan mutum, ga shi yau hotunansa suna manyan gidajen tarihi. Ƙofar zaure da hantsi tana yin abin da lemar sutudiyo ke yi, hazon hunturu kuma yakan tausasa rana, illa dai yana rina hoto da rawaya. Mai gwaji ya riƙa canza abu ɗaya a kowace ɗauka, ya rubuta nisa da saiti a littafi. In ba haka ba, ranar da hoto ya yi kyau ba zai san dalili ba.

Wajen gyara a kwamfuta ne aka fi ɓata aiki. A ɗauka a tsarin RAW in kyamara tana da shi, domin ya fi JPEG jure gyara. A daidaita launi, a buɗe hoton zuwa cikakken girmansa a farauci ɗigon ƙura, a goge duk tambarin kamfani, ko na lemar mai POS ne ko na buhun taki. A bar fili a gefe inda mai talla zai sa rubutu. Shutterstock ba ya karɓar hoton da bai kai megafiksel 4 ba. Amma gyaran nan da ake wa hoton amare, a mayar da baƙa fara, a goge fata har ta zama roba, ba shi da kasuwa a can, kuma a ganina ko a gida ma cin fuska ne ga mai fuskar.

Kada kuma a ruɗi kowa da batun kuɗi. Tun 2020 kason mai hoto a Shutterstock tsakanin kashi 15 ne zuwa 40 cikin 100, wata saukewar santi 10 na dala kawai take kawowa, ga kuma hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira sun shigo kasuwar. Sai an tara da yawa ake ganin amfani. Riba ta kusa ita ce hannun da ya ƙware a wannan zai iya yi wa teloli da masu shaguna da makarantun gari hoton talla mai tsabta.

Saura abin da ya fi duka nauyi a arewacin Zamfara. Duk hoton talla da ake gane fuskar mutum a ciki sai da takardar amincewa mai sa hannunsa, yaro kuma sai waliyyinsa. A yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, hoton Alhaji wane yana ƙirga damin kuɗi a shagon da kowa ya sani ba abin wasa ba ne. A shirya wurin a sutudiyo, a nemi matasan da suka yarda su fito, irin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko a ɗauki hannu da tiya da hatsi ba fuska. Masu hoto, ku karanta wa mutum takardar nan da Hausa, ku faɗa masa ƙarara cewa fuskarsa tana iya bayyana a allon talla a Legas ko Landan, sannan ku miƙa masa biro.