Indiyar da Ke Cikin Zukata

Duk wanda ya ratsa Tambuwal da magariba, ko ya sauka Kebbe ranar kasuwa, lalle zai ga samari sun yi dafifi a rumfar mai cajin waya, suna jiran a tura musu fim ɗin Indiya da aka sa wa muryar Hausa, domin idan an idar da Isha'i, gajiyar gona ta sauka a jiki, su ɓace cikin wata ƙasa mai duwatsu da furanni da ruwa mai gudana, wadda yawancinsu ba za su taɓa taka ta ba.

Wannan ɗabi'a ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, a zamanin matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1929, wani mutum da ya laƙaba wa kansa suna Donn Beach ya buɗe mashaya a Hollywood, ya ƙawata ta da gora da ganyen kwakwa, har abin ya zama al'adar da ake kira tiki, wadda ta bunƙasa bayan sojoji sun komo daga yaƙin tekun Fasifik. Abin mamaki, giyar da ake sha a ciki ta tsibiran Karibiyan ce, abincin kuwa na Sin, alhali kuwa ma'abota wurin sun sakankance suna Folinesiya. Mutanen tsibiran Folinesiya na haƙiƙa sun daɗe suna ƙorafin an mai da gumakan kakanninsu kofunan sha.

Tamu Indiyar ta girmi zuwan finafinan Indiya. A cikin Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, jarumin da ya ga Nasara sun ci ƙasar Hausa ya nufi gabas, ya shiga cikin aljannu, ya yi ta cin nasara a Indiya, wato abin da takobi ya gaza a zahiri sai alƙalami ya rama shi a hayali. Da Kwarori masu gidajen sinima suka soma kawo finafinan Indiya wajajen 1950, sai suka tarar da gurbi a share, har Kanawa suka raɗa wa jarumin fim Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi.

A ganina, abin da ke jan yaron Kebbe ba baƙunta ba ce zalla. Akwai kusanci a ciki. Yana ganin auren dole, da kunyar surukai, da talaka mai son ɗiyar attajiri, sai dai a can masoya kan yi rinjaye a ƙarshe. Malamai da dama sun kira abin lagawu mai shagaltarwa, kuma suna da hujja. Amma a Kano masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin nan, suka zubar da kalmomin, suka ɗora begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kansu.