Jidda zuwa Madina: Ƙaramin Zango a Tafiyar Maniyyaci

Tazarar da ke tsakanin filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz na Jidda da na Madina ba ta kai kilomita 350 ba, jirgi kan cinye ta cikin kamar awa ɗaya. Ga maniyyacin Partago ko Jugu a ƙasar Benin, wannan ba komai ba ne. Jan aikin yana gida: sai ya yini cikin mota, fiye da kilomita 400, kafin ya isa Kwatano. Daga nan zuwa Jidda kimanin kilomita 4,300 ne, wajen awa shida idan ba a ya da zango ba. Lokacin saukar da ke jikin tikiti kan rikita mutane, domin agogon Saudiyya yana gaba da na Benin da awa biyu.