Digirin Katun: Me Jami'a Za Ta Koyar da YouTube Bai Koyar Ba?

Idan yaro ya shaida wa mahaifinsa cewa zane mai motsi yake so ya karanta a jami'a, amsar da ya fi samu ita ce: "Katun ɗin ma karatu ne?" Tambayar tana da ƙanshin raini, amma akwai hujja a cikinta. Manhajar da ake yin wannan aiki da ita tana nan kyauta a intanet, darussa sun cika YouTube, matasa da yawa kuma sun koyi abin a ɗakin kwanansu har suna cin abinci da shi. To me zai sa a kashe shekara huɗu da kuɗin rajista? Ra'ayina shi ne karatun ya cancanci jami'a, bisa sharaɗi ɗaya. Sana'a ce da ta haɗa ilmi biyu waɗanda ba kasafai suke taruwa a kan mutum ɗaya ba, wato lissafi da zane, kuma jami'a ce wurin da ya fi sauƙin zaunar da masu su a inuwa ɗaya. Duk jami'ar da ta kasa yin haka, ta tsaya kan koyar da danna maɓallan manhaja, ta ci kuɗin iyaye a banza.

Tarihin sana'ar kansa ne shaidar farko. A 1965 David Evans ya kafa sashen nazarin kwamfuta a Jami'ar Yuta da ke Amurka, a 1968 kuma Ivan Sutherland ya same shi a can. Sutherland ɗin nan shi ne wanda tun 1963, yana ɗalibin digiri na uku a MIT, ya ƙirƙiro Sketchpad, manhajar da ta bai wa mutum damar yin zane kai-tsaye a kan allon kwamfuta. Cikin 'yan shekaru ɗalibansu suka aza harsashin kusan duk abin da ake gani yau a fim da wasannin kwamfuta. Henri Gouraud da Bui Tuong Phong suka gano yadda za a lissafa faɗuwar haske a kan abu har ya fito da sheƙi da inuwa. John Warnock ya fita ya kafa Adobe da abokinsa a 1982. A cikin ɗaliban akwai wani Ed Catmull, wanda burinsa na yarinta shi ne ya zama mai zane a kamfanin Disney, amma da ya ga hannunsa bai kai ba sai ya karanta fizis da kwamfuta. A 1972 ya yi kwafin hannunsa na hagu da farar ƙasa, ya zana ƙananan fasali masu kusurwoyi guda 350 a jikin kwafin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana auna mazaunin kowace kusurwa yana shigarwa a kwamfuta, har hannun ya bayyana a allo yana buɗewa yana dunƙulewa. Aikin aji ne. A 2011 aka shigar da shi rumbun fina-finan tarihi na ƙasar Amurka.

Sai dai hannun da ke buɗewa yana rufewa bai isa ya sa kowa dariya ko hawaye ba. Wannan rabin ilmin daga wata makaranta ya fito. A 1975 makarantar fasaha ta CalArts da ke Kalifoniya ta buɗe kwas na zane mai motsi, tsofaffin ma'aikatan Disney suna koyarwa, kuma cikin ɗaliban farko akwai John Lasseter da Brad Bird. Fensir da takarda suka koya, da kallon tsofaffin fina-finai hoto bayan hoto. Da Lasseter ya haɗu da su Catmull a sashen kwamfuta na Lucasfilm, sashen da Steve Jobs ya saya a 1986 ya zama Pixar, sai ga ɗan fim na minti biyu mai suna Luxo Jr. Babu komai a cikinsa sai fitilun tebur guda biyu, babba da ƙarama, da ƙwallo. Fitila ba ta da ido, ba ta da baki, amma mai kallo ba ya shakkar cewa ƙaramar yarinya ce mai rawar kai, babbar kuma tana haƙuri da ita. Lissafin Yuta ne ya ba fitilar jiki da inuwa, horon CalArts ya ba ta hali. Toy Story, fim mai cikakken tsawo na farko da aka yi shi gaba ɗaya da kwamfuta, ya fito a 1995 daga wannan haɗin gwiwa. Hannu ɗaya, in ji Bahaushe, ba ya ɗaukar jinka.

Me wannan ke nufi a cikin aji? Fim yana gudana ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kuma ɗalibi dole ya san abin da ke faruwa a kowane ɗaya. Shi ya sa darasin farko a kusan kowace makaranta ta kirki shi ne ƙwallo mai tsalle. Za a ce ya zana ta tana faɗowa: hotunan su matsu a sama inda take tafiya a hankali, su warwatsu yayin da take ƙara sauri, ta ɗan baje idan ta taɓa ƙasa, ta miƙe idan ta tashi. Da tazarar hotunan kawai zai nuna ko ta roba ce ko ta ƙarfe. Daga nan sai tafiyar mutum, wadda ta fi wuya nesa ba kusa ba. A ɗauki dattijo sanye da babbar riga. Idan ya tsaya cak, rigar ba ta tsayawa tare da shi, sai ta ɗan wuce gaba sannan ta dawo ta kwanta. Kafin ya naɗa hannun rigar a kafaɗa sai ya ɗan sauke kafaɗar tukuna. Wanda bai taɓa zura wa wannan ido ba zai yi dattijon da ke tafiya kamar an ɗaura masa kwali, ko da kuwa da manhaja mafi tsada yake aiki. Wanda zai sa kwamfuta ta kwaikwayi faɗuwar yadin da kanta kuwa, sai ya san lissafin nauyi da ja da sauri. Ga dalilin da ya sa ɗalibin wannan fanni yake buƙatar malamin zane da malamin lissafi a mako ɗaya, da kuma na uku wanda zai tambaye shi: wannan dattijon, ina za shi, kuma me ya dame mu da shi?

Manhaja kuwa ba ta da tabbas. Softimage, wadda aka yi amfani da ita wajen motsa dabbobin Jurassic Park a 1993, kamfanin Autodesk ya sanar da dakatar da ita a 2014. Flash, wadda ta yi shekaru tana riƙe da katun na intanet, Adobe ya janye ta a ƙarshen 2020. Wanda digirinsa ya ƙare a kan sanin ɗayansu sai ya koma farko, wanda ya san tazarar ƙwallo kuwa cikin makonni yake sabawa da sabuwa.

Hujja mafi ƙarfi ta masu cewa jami'a ɓata lokaci ce ta zo a watan Maris na 2025, lokacin da fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya ya ci kyautar Oscar ta zane mai motsi, ya doke Pixar da DreamWorks. Labarin kyanwa ne a cikin ambaliya, babu magana ko ɗaya a cikinsa, kuma da Blender aka yi shi, manhajar da kowa ke iya saukewa kyauta tun 2002. Daraktansa Gints Zilbalodis da kansa ya koya wa kansa aikin, fim ɗinsa na farko mai cikakken tsawo ma, Away na 2019, shi kaɗai ya yi shi. Wannan ba abin musu ba ne, kuma ya tabbatar da cewa takardar digiri ba sharaɗi ba ce. Amma a duba abu biyu. Da ya zo yin Flow sai da ya haɗa kai da masu zane a Faransa da Beljiyam, domin aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sannan duk wanda ya buɗe Blender ya nemi ya santale gefen abin da ya ƙera, zai ga zaɓi mai suna Catmull-Clark, dabarar da Catmull da Jim Clark, su biyun 'yan Yuta, suka wallafa a 1978. Mai koyon kansa ma daga rijiyar jami'a yake sha. Ƙasa kuma ba ta gina masana'anta da fatan haziƙi ɗaya zai ɓullo cikin dubu. Tana buƙatar ɗaruruwan ma'aikata masu matsakaiciyar baiwa waɗanda aka hore su su karɓi gyara, su cika wa'adi, su yi aiki a ƙungiya. YouTube ba ya duba aikinka ya ce ƙafar hagu tana zamewa.

Batun ƙirƙirarriyar basira, wadda yanzu take fitar da bidiyo daga jimla guda, shi ma ba ya rushe wannan ra'ayi. Aikin da za ta fara cinyewa shi ne na mai danna maɓalli. Wanda zai dubi abin da ta fitar ya gane cewa rigar ba ta faɗuwa daidai, ko cewa labarin ya mutu a tsakiya, shi ne wanda ya yi horon ido. Ba na cewa sana'ar tana da tabbacin albashi: kamfanin Rhythm & Hues ya durƙushe a 2013, a daidai lokacin da aikinsa a Life of Pi ke cin Oscar. Gaskiya ce da ya kamata a gaya wa ɗalibi tun ajin farko, tare da nuna masa sauran ƙofofi, kamar zanen gine-gine, talla, darussan likitanci da na makarantu. Waɗannan ƙofofin ma amsa ce ga iyayen da ke ɗari-ɗari saboda saɓanin malamai kan zana abu mai rai, domin fannin ya fi zanen mutane da dabbobi faɗi.

Mu a nan ba baƙi ba ne a wannan fage. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya rasu a 2015, ya yi horo a Kanada wurin Norman McLaren, kuma tun 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda ya yi wa shugabanni masu son ziyarar ƙasashe shaguɓe da kwaɗi. Daga baya ya shugabanci sashen fim a Jami'ar Yamai. A Najeriya kuwa sai a 2020 aka ga fim mai cikakken tsawo na zane mai motsi, Lady Buckit and the Motley Mopsters. Abin takaici shi ne kayan haɗin duk suna nan a warwatse. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zane mai tarihi tun zamanin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, tana da sashen kwamfuta, tana da masu nazarin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, Kano kuma tana da masana'antar fim da miliyoyin masu kallo. Matsalar wuta da tsadar kwamfuta gaskiya ce, amma shekarar farko ta wannan karatu fensir da takarda take buƙata. Kirana ga majalisun jami'o'inmu shi ne kada a fara da sayen injuna: a fara da kwas ɗaya na haɗin gwiwa tsakanin sashen zane, na kwamfuta da na Hausa, a kuma wajabta wa kowane rukunin ɗalibai fim na minti biyu kafin a ba su sakamako.