Zaren Faiba Da Ke Shinshinar Tururin Fetur

A Gafasa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya, fetur na zaune kusa da mutane: a jarkar mai injin ban ruwa, a kwalaben 'yan bumburutu, a gefen janaretan mai cajin waya. Tururin da ke tashi daga cikinsa shi ne babban haɗarin. Ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, kuma idan ya kai kusan kashi 1.4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Akwai kuma sinadarin benzin a cikinsa, mai jawo kansar jini. Mutanen yankin ba su manta da Majiya ta Jigawa ba, inda tankar mai ta kama da wuta a Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu.

Zaren faiba, siririn gilashin da ke ɗaukar intanet ta hanyar haske, yana iya gano wannan tururi. Zaren yana da cibiya da riga, rigar ce ke hana haske tserewa. Sai a kankare rigar a ɗan wuri, a shafa robar silikon. Idan tururin fetur ko na tinar fenti ya taɓa ta, robar ta tsotse shi ta kumbura, yawan hasken da ke isa ɗaya bakin zaren ya canja. Na'urar auna haske ce ke karanta canjin ta buga ƙararrawa.

Alfanunsa shi ne babu lantarki a wurin da ake awon, don haka babu tartsatsi. Ana iya shimfiɗa zaren a rumbun mai, na'urar kuma tana can nesa.

Wayar hannu ma ta shigo ciki. A 2015, Kort Bremer da Bernhard Roth na Jami'ar Hanoba a Jamus sun haɗa zaren faiba da fitilar waya da kyamararta, suka auna sinadari a cikin ruwa.

Da sauran aiki. Zafi da laima suna rikita awon, ƙurar hunturu na iya rufe robar, kuma silikon ba ya bambanta fetur da tina da kyau. Matasa masu rubuta manhaja suna da abin yi a nan, domin manhaja ce ke tace waɗannan bayanai. Kafin nan, a ajiye jarkar fetur a waje cikin inuwa, nesa da janareta da murhu.